Tambaya: me ya sa iskar da gonakin Najeriya ke fitarwa take hawa da sauka duk shekara?

Ummi_Samaru:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin a taimaka min, ina rubuta firojet ɗina na ƙarshe a kan iskar da ke ɗumama duniya wadda noma ke fitarwa a Najeriya, na sauko da alƙaluman shekara-shekara na FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, to gaba ɗaya dai layin sama yake yi amma a tsakani sai ka ga wata shekarar ya yi tsalle wata kuma ya ɗan sauko. Abin da ya ɗaure min kai, yawancin manomanmu da fartanya da garmar shanu suke aiki balle a ce hayaƙin tarakta ne, to daga ina iskar take fitowa? Kuma wai wa yake zuwa gona ya auna?

MalaminGona_Kura:
Wslm ƙanwata. Na fara da ta biyun: babu wanda ya je ya auna, lissafi ne. Suna ɗaukar yawan hektar da aka girbe da yawan takin da aka zuba a ƙasa, sai su ninka da wani ƙiyasi da IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi, ya tsayar, shi ke nan. Saboda haka in kin ga layin ya motsa to ɗaya daga cikin waɗannan ne ya motsa.

Ita kuma iskar ba hayaƙin inji ba ce. Shinkafar da ke kwance cikin ruwa a fangali, ƙasan ruwan nan babu iskar shaƙa, ƙwayoyin halitta suna cin tattaka da ciyawar da ta ruɓe suna fitar da iskar mitan, in kin taɓa taka laka a fangali kika ga kumfa yana tasowa to har da ita a ciki. Ita mitan ɗin ta ninka iskar kabon, irin wadda injina ke fitarwa, wajen riƙe zafi kusan sau 28 a lissafin shekara 100. Sai takin zamani, wanda shi ne mutane ba sa kawowa a rai. Buhun yuriya mai kilo 50 akwai naitirojin kilo 23 a cikinsa, ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne kashi 1 cikin 100 na wannan yana tashi a matsayin naitiros oksaid, ƙaramin abu ne a ido amma ita wannan ta ninka kabon fiye da sau 260, in kika buga lissafin buhu ɗaya ya kai kusan kilo 100 na kabon, tun ba a sa wanda ruwa ya wanke ba. Ƙona kara da tattaka bayan girbi ma yana ciki amma bai kai waɗancan ba.

Ki jera shekarun kusa da abin da ya faru a ƙasa. Shirin bashin manoma na Anko Borowa na CBN an ƙaddamar da shi a Kebbi a Nuwamban 2015, shirin takin shugaban ƙasa da aka yi da Maroko ya biyo baya aka riƙa sayar da buhun takin kamfa naira 5,500, sannan aka rufe boda a Agustan 2019 kowa ya faɗa noman shinkafa har da ma'aikatan ofis. Duk waɗannan suna tura layin sama ne.

DanFadama_Argungu:
Malam ka yi bayani amma ni wallahi abin nan yana ba ni haushi, ana ta ƙona gas a Neja Delta dare da rana shekara da shekaru ba a gama da shi ba sai an zo kan talaka mai kwami goma a fadama. Kuma Hajiya ki rubuta wannan a firojet ɗinki, shekarar da kika ga ya sauka ba wai mun gyara komai ba ne, wahala ce. A 2022 yaƙin Yukiren ya sa taki ya yi tashin gwauron zabi, wanda ya saba zuba buhu huɗu ya koma biyu, ga ambaliya ta zo ta cinye shinkafa a Jigawa da Kogi da sauran wurare, gonar da ba a girbe ba ai ba za ta shiga lissafin nasu ba. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mu masu injin ban ruwa muka ji a jikinmu, da yawa sun rage noman rani wasu sun koma injin mai amfani da gas ko sola. To wani yana zaune a ofis zai ce an samu ci gaba.

MalaminGona_Kura:
Alhaji maganarka tana kan hanya, shi ya sa nake so ta raba iskar da yawan amfanin da aka samu, a ga kowane tan na shinkafa nawa ya fitar, wannan ne zai nuna ko gyara aka yi ko asara. Amma akwai abin da zai amfane ka kai kanka ba don kowa ba. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa wata dabara: ka samu bututun roba ka huhhuda shi ka kafa a fangali, ka daina ban ruwa sai ka leƙa ka ga ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa sannan ka sake sakin ruwa, sai dai lokacin da shinkafar take fitar da kai wannan kam ba a barin ta da ƙishi. Ruwan da ake ci yana raguwa, ka ga fetur ya ragu, mitan ma ta ragu sosai. Matsalar ita ce irin lissafin nan na daga nesa ba ya ganin wanda ya yi hakan.

DanFadama_Argungu:
Hmm, ciyawa fa Malam? Da ka bar fangali ya sha iska take taso maka, kuɗin feshi wa zai biya. Zan dai gwada a kwami biyu bana in gani.

Ummi_Samaru:
Na gode sosai Allah ya ƙara sani. To shanu fa, su ma in haɗa su?

MalaminGona_Kura:
A'a, tusa da gyatsar dabbobi babinsu daban ne, na kiwo, kuma a Najeriya babba ne sosai, in kika haɗa zai danne na shuka ba za ki ga motsin ba. Ki kuma duba alamar da ke gefen kowace lamba a teburin, wasu shekarun ba gwamnati ce ta ba da alƙaluman ba FAO ce ta ƙiyasta, ki nuna wa sufabaizanki su kafin ki ɗora hujja a kansu.