Madubin Namibiya kaɗai, ko in haɗa da tankunan Meksiko?

Nura Kawo: Salam 'yan uwa. Na samu gurbin digiri na biyu kan hasken gamma, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, da ke zuwa daga sararin samaniya. Malamin ya ba ni sati biyu in zaɓa: in tsaya kan bayanan maduban hangen nesa na cibiyar H.E.S.S. da ke Namibiya, ko in haɗa da na tankunan ruwa na cibiyar HAWC da ke Meksiko. Wa ya taɓa irin aikin nan?

Maman Ilham: Kai dai tafi abinka ƙanina, Allah Ya sa albarka.

Dakta Bala: Haɗa su, Nura. Hasken gamma ba ya isowa ƙasa. Can sama yake dukan iska, sai ƙwayoyi su yi ta zubowa. Madubi yana kama ɗan shuɗin walƙiyar da suke bari, amma sai dare ya yi duhu, ba gajimare, ba farin wata. Su kuwa tankunan nan 300 cike da ruwa, masu kama ƙwayoyin da suka zubo, a tsaunin da ya kai mita 4,100, dare da rana suke aiki. Tanki ya hango wurin, madubi ya ƙura masa ido. Da na yi lissafin nan kwamfutata har ƙauri ta riƙa yi, nemi mai ƙarfi.

Sadiq Barnawa: Tokumbo mai kyau dubu 350 na sayi tawa a Ahmadu Bello Way.

Hajara: Yaushe rabonka da kasuwa? Jiya dubu 600 aka ce min, ba ragi.

Yusuf T/Wada: Ku bar zancen kwamfuta. Ni ma na taɓa samun gurbi a waje. Wata bakwai ina zarya a tsohuwar makarantarmu kan takardar sakamako, kullum "oga ya fita". Ranar da na ga fayil ɗina, a ƙarƙashin kular abincin wani yake, har da maiƙo. Kafin a sa hannu an ba wani gurbin. Yanzu POS nake yi. Nura, takardunka sun fito?

Sadiq Barnawa: Ka ji shawara, ba ta Dakta da ya shekara goma a Turai ba.

Dakta Bala: Yaro, tambayar kimiyya aka yi, na amsa.

Ɗan Rigasa: Tsaya, tanki 300 cike da ruwa don kallon sama kawai? Su aiko mana goma mana! Rabon famfonmu da ɗigo tun azumi.

Maman Ilham: Wallahi mu ma a Unguwar Sunusi sai 'yan ga-ruwa, kuma sun ƙara kuɗin jarka.

Nura Kawo: To madubin fa?

Hajara: Maman Ilham, nawa kura take a wajenku yanzu?