Miksata ta daina jin sifid, gudu ɗaya kawai take yi

Maman Hanif, Agege:
Assalamu alaikum jama'a dan Allah a taimaka min da shawara. Miksar da nake kwaɓa kek da donot da ita, irin mai kwano wadda ake ɗaga kanta, tokunbo ce, tun shekaranjiya ko na sa ta a 1 ko a 6 duk ɗaya, da ƙarfi take tashi fulawa ta watsu har jikin bango. Kafin nan dama takan ja ta saki, ta ja ta saki. Wani mai gyara a layinmu ya ce wai mota ce, wato injin da ke juya ta, ta ƙone sai an canza, ni kuma ga odar biki ranar Asabar, wallahi hankalina a tashe yake.

Baban Sadiq, Alaba:
Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki yarda a taɓa miki mota. Motar da ta ƙone ai ba ta gudu, sai dai ƙauri da hayaƙi. Matsalarki a bod ɗin sifid take, wato ɗan allon lantarki mai sarrafa gudunta, akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku ana ce masa tirayak, shi ke rage wutar da ke shiga mota gwargwadon lambar da kika zaɓa, to idan ya lalace yawanci haɗewa yake yi sai wutar ta wuce gaba ɗaya ba mai tare ta, shi ya sa 1 da 6 suka zama ɗaya. Duba ƙarƙashinta tukuna, 120V aka rubuta ko 220-240V? Ta Amurka 120 ce, wutarmu kuma 230, dole sai da tiransifoma.

Maman Hanif:
220-240V ne Malam. Amma ranar tana cikin aiki NEPA suka ɗauke, yara suka juya zuwa jen ba a kashe ta ba.

Baban Sadiq:
To ai ga shi nan, irin wannan bugun wutar ne ke kashe shi. Ki kawo ta Alaba International wajen masu gyaran bod, a gwada da mita a gabanki, in bod ɗin bai babbake ba tirayak kawai za a canza, a duba kafasita ma, wato ɗan abin da ke tara wuta a bod ɗin. Ki zare filogi, kar ki buɗe da kanki dan kafasita na iya riƙe wuta.

Anti Bilki, Idi-Araba:
Ƴar uwa wancan ja da sakin ma kar ki manta da shi, tawa ta yi haka ashe kabon burosh ne, ƴan gawayin nan da ke kai wuta cikin mota, suka cinye, ga garin fulawa ya cika wajen maɓallin ya daskare da mai. A duba su tunda an buɗe. Kuma kwaɓi mai tauri irin na donot a 2 ake barinsa, ki riƙa ba ta hutu in kin ji kanta ya yi zafi.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, gobe da sassafe Baban Hanif zai kai ta in sha Allah.