Muhawara: satar kiɗa ce ta kawo Paul McCartney Legas a 1973?

Kawu Mai Garmaho: Jama'a, a majalisa wani ya kafe cewa faifan Band on the Run na Wings, ƙungiyar mawaƙin Ingila Paul McCartney, kiɗan Legas ne aka kwashe aka kai Landan aka sayar. Ni ban yarda ba, amma ina son jin naku.

Ɗan Zango: Kawu, ai ba yau aka fara faɗa ba. Fela Kuti da bakinsa ya zarge shi tun suna Legas. Mutumin da ya fito daga shahararriyar ƙungiyar kiɗa ta Beatles, ga suna ga kuɗi, me zai kai shi Apapa tsakiyar damina in ba akwai abin da yake farauta ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Kawu Mai Garmaho: Yaro, bi a hankali. A lokacin kamfanin faifai na EMI yana da situdiyo a ƙasashe da dama, Paul ya duba jerinsu ya zaɓi Legas, yana tsammanin rana da bakin teku. Da ya iso sai ya tarar da wurin da ko kayan aikinsa ba su cika ba, na'urar ɗaukar sautin ma layi 8 kawai take ci. Ana gab da tafiya mai gangarsa Denny Seiwell da mai jitarsa Henry McCullough suka ajiye aiki. Su uku suka rage: shi, matarsa Linda, da wani mai jitar, Denny Laine. Paul da kansa ya hau ganga. Wanda ya zo kwasar kiɗan Afirka ai makaɗan Legas zai tara, ba shi zai zauna yana dukan ganga ba.

Gwaggon Yara: Ni na girma da faifan nan a gidan yayana, na san shi ciki da waje. Ku saurari gangar Tony Allen a waƙoƙin Fela na lokacin, yadda hannu da ƙafa kowanne ke tafiyarsa, sannan ku dawo kan gangar Paul, wadda take tafiya sak ba kwana. Ba su ko haɗa hanya ba. Kunne ba ya ƙarya.

Ɗan Zango: To Gwaggo, waƙar Mamunia da ke cikin faifan fa? Akwai ƙamshin Afirka a cikinta.

Gwaggon Yara: Ƙamshi kaɗan, na yarda. Amma sunan ma daga wani otal na Marrakesh a Maroko ya samo shi, ba daga Legas ba.

Malamin Firamare: Ina tare da Kawu kan batun sata, amma kada a mai da Fela mai neman rigima. Tsoronsa yana da tushe. Ya je Amurka a 1969, ya ga yadda baƙar fata ke ƙirƙirar kiɗa wasu su ci riba. Kiɗan rock ɗin da Beatles suka tashi a kai daga hannun baƙaƙen Amurka irin su Chuck Berry da Little Richard ya fito, kuma Beatles ɗin ma ba su musa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya burge ni shi ne Paul bai yi fushi ya kulle ƙofa ba. Ya gayyaci Fela situdiyo ya kunna masa waƙoƙin, ya ji da kunnensa babu nasa a ciki. Paul ya sha faɗa daga baya cewa da ya je gidan rawar Fela ya ji makaɗansa, sai da ya zubar da hawaye.

Kawu Mai Garmaho: Kuma in sata ake nema, shi aka yi wa. Wani dare yana tafe a ƙasa da Linda, ɓarayi suka tare su da wuƙa, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin. Daga ka ya sake haɗo su.

Ɗan Zango: Na ji, na janye kalmar sata. Amma ga abin da ke ci mini rai. Faifan ya fito a Disamba 1973, ya hau na ɗaya a Amurka da Ingila, ana ta cewa "an ɗauka a Legas". Makaɗan Najeriya nawa aka sa? Remi Kabaka kaɗai na sani, a waƙar Bluebird, shi ma a Landan aka ɗauki nasa. Mai ganga Ginger Baker, Bature ne shi ma, amma ya zauna, ya kafa situdiyonsa a Ikeja, ya yi faifai tare da Fela a 1971. Paul makonni ya yi ya tafi da sunan garin.

Malamin Firamare: Da ya sa su, da yanzu kai ne kan gaba wajen cewa ya sata.

Ɗan Zango: Da ya sa su ya biya su ya rubuta sunansu a bangon faifai, Malam, da ban ce uffan ba.