Gudummawar marubutan jaridu ga gidajen rawa na zamanin disko

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina bincike a kan tarihin nishaɗi a Kaduna, kuma na lura cewa duk inda aka taɓo zancen gidajen rawa na shekarun 1970, mawaƙa da masu sa faifai kaɗai ake ambata. Shin marubutan jaridu ba su da hannu a bunƙasar wannan harka?

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam. Suna da hannu ƙwarai, musamman a Amurka. Gidan The Loft da David Mancuso ya buɗe a Niyok a 1970 sai da gayyata ake shigarsa, saboda haka na waje ba su san irin kiɗan da ake sawa ba, har ɗan jarida Vince Aletti ya yi rubutu a kan harkar a mujallar Rolling Stone a 1973. Daga 1974 ya riƙe shafin mako-mako a mujallar Record World, inda yake tuntuɓar masu sa faifai su faɗa masa waƙoƙin da suka fi tayar da jama'a, shi kuma ya jera su tare da sunan kowane gida. A shekarar ce mujallar Billboard ta fara nata jerin. Da haka mai sa faifai a wani gari ya san abin da zai nema, kamfanoni kuma suka gane cewa waƙa tana iya samun kasuwa tun kafin rediyo ya ɗauke ta.

Dattijon Kakuri:
Malam, bayaninka ya gamsar, amma a nan Kaduna rediyo ya fi takarda tasiri, kuma yawancinmu makaɗa muke zuwa kallo ido da ido, irin su Bala Miller a Costain Club. Abin da takarda ta koya mana shi ne ado. Mujallar Drum da jaridar Lagos Weekend sukan zaga hannu zuwa hannu har shafukansu su yi laushi, saurayi ya yanke hoton mawaƙi ya kai wa tela, ya ce irin wannan wando mai faɗin ƙafa yake so.

Malamin Kawo:
Gaskiya ne, Baba. Ɗan Tudun Wada, ka leƙa Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, ka nemi tsofaffin kofe na jaridar New Nigerian, wadda aka fara bugawa a 1966. Ka fi mai da hankali ga tallace-tallacen ƙarshen mako, domin a ganina can ne za ka fi cin karo da sunayen gidajen da makaɗansu.