Neman shawara: shafin shagonmu na kayan fata yana korar masu saye

Ɗan Madunka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya, ya zafi? Shawara nake nema. Muna da shagon kayan fata a nan Sakkwato, na mahaifinmu ne, ni ke riƙe da ɓangaren waya. Bara aka haɗa mana shafin intanet a kan WordPress, manhajar gina shafi, aka sa masa WooCommerce don mutane su riƙa ganin kaya suna saye: jakunkuna, takalma, tumtum, zabira. A kwamfutar wanda ya yi aikin shafin ya yi kyau ƙwarai. Amma masu saye kuka suke yi. Wata hajiya daga Kaduna ta ce ta jira har ta gaji hoto bai fito ba. Wani ya zaɓi jaka biyu, da ya zo biya aka ce sai ya buɗe asusu ya ƙirƙiri kalmar sirri, sai ya haƙura. Ƙarshenta dai kowa kira na yake yi ya ce in turo masa hoto ta WhatsApp, ka ga shafin bai rage mini komai ba.

Mai aikin ya ce maganin shi ne a ƙara wasu fulagin, ƙananan manhajojin nan da ake maƙala wa shafi. Na duba na ga akwai guda 31 a ciki yanzu haka. Don Allah waɗanne ne suka dace in sa don baƙo ya ji daɗin shiga? Baba ya fara cewa kuɗin da muka kashe asara ce.

Injiniya Mabera:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ƙara ko guda ɗaya, tsaya tukuna. Akasarin fulagin idan ka kunna su, suna ƙara wa kowane shafi nasu fayilolin, kuma wayar mai saye ce za ta sauke su da datarsa kafin ta nuna masa jaka. Kamar jaki ne ya durƙushe da kaya, ka ce bari a ƙaro masa buhu don ya tashi. Ba yawan ne kaɗai matsala ba, akwai masu sauƙi da ba a jin su, akwai kuma guda ɗaya da za ta fi goma nauyi, musamman masu juya hotuna a saman shafi da masu yin walƙiya da motsi.

Ga aikin farko, kuma kyauta ne. Ari ƙaramar waya irin ta yaran shago, kashe wayifai, ka shiga can cikin kasuwa inda sabis ke wahala, ka buɗe shafin ka gwada sayen takalmi tun daga farko har biya. Abin da ka gani shi ne abin da hajiyar Kaduna ta gani. Bayan nan ka sa adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, mai auna saurin shafi, ka duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba.

Zan iya cewa tun yanzu hotuna ne babban ciwon. Hoton da aka ɗauka da waya mai kyau yakan kai megabait 3 zuwa 5. Idan shafin farko yana da ashirin irinsu, yi lissafi da kanka. Hoton kaya bai buƙatar wuce faɗin fikzel 1200, kuma idan aka matse shi yakan dawo ƙasa da kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Sa ɗaya daga cikin Smush, ShortPixel ko EWWW Image Optimizer, ɗaya tak, ta bi tsofaffin hotunan ta matse. Tun sigar 5.8 ta shekarar 2021 WordPress yana karɓar hoto nau'in WebP, wanda ya fi JPEG sauƙi. Kuma tun sigar 5.5 ta 2020 shi da kansa yake jinkirta sauke hotunan ƙasa sai mutum ya gangaro wurinsu, don haka idan ka ga wata fulagin da aikinta ke nan kawai, cire ta.

Hajiya Mai Turare:
Ni ban san duk waɗannan lambobin ba, amma na daɗe ina sayar da turaren wuta da humra ta waya. Ɗana, mutanenmu ba sa sayen abu ba su yi magana da mutum ba. Ko farashi na rubuce sai an tambaye ka "nawa gaskiya?" To kada ka yi faɗa da WhatsApp, jawo shi cikin shafin. Yarinyata ta sa mini wani ɗan koren maɓalli a ƙarƙashin kowane kaya, mutum na taɓawa sai ya faɗo cikin WhatsApp ɗina da saƙo a rubuce, sunan kayan na ciki. Ba sai na tsaya ina "wanne kike nufi, Hajiya?" ba.

Sannan ka rubuta farashi a fili. Masu rubuta "tuntuɓe mu don jin kuɗi" ni kaina wuce su nake yi, don raina yana ba ni za a duba hotona ne a yanka mini.

Injiniya Mabera:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Click to Chat ko Joinchat suna yin wannan, kuma suna da na kyauta. Ko babu su ma ana iya yi da mahaɗin WhatsApp na wa.me, a bi shi da lambar da ta fara da 234, a cire sifirin farko. Abin lura ɗaya: kada maɓallin ya zauna a kan farashi ko a kan wurin biya a ƙaramar waya.

Baba Liman na Gidan Igwai:
Ni ba injiniya ba ne, mai saye ne, kuma idona ya yi rauni. Ɗana, bari in hwaɗa maka abin da ka sa ni hita shafi. Da na shiga, ban ga komi ba tukuna, sai wani allo ya taso ya ruhe huskar wayar, wai in ba da imel. In nemi wurin ruhe shi, ɗan gicciye ne ƙarami awa ƙwayar gero, in taɓa sai ya kai ni wani wuri. Mi ya kawo wanga? Sannan rubutun da anka yi da toka-toka bisa hwari, ƙanana, sai na kira jikana. Ku ƙara girman rubutu, ku sa shi baƙi. Kuma kayan da kunka ɗinka nan Sakkwato, da hwatar jan akuyarmu, mi ya hana a yi bayaninsu da Hausa?

Ɗan Madunka:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi allon nan akwai shi a namu, mai aikin ya ce haka manyan kamfanoni ke yi. Yau zan cire shi in sha Allah.

Ɗalibar Danfodiyo:
Ranka ya daɗe Baba, maganarka ta ƙarshe ita na zo in ɗora a kai. Yaya, hanyoyi biyu ne. Idan kana son shafin ya zama da harshe biyu, mutum ya zaɓa, akwai Polylang da TranslatePress, sai dai ka fara duba ko na kyautar ya isa ga ɓangaren kayan sayarwa, don wasu abubuwan sai an biya. Idan kuma maɓallan kawai kake son mayarwa Hausa, Loco Translate ta isa: ka nemo "Add to cart" ka mayar da shi "Sa a kwando", haka sauran.

Amma don Allah kada ka sa mai fassara da kanta ka tafi ka bar ta. Kai ka san sunan kowane ɗinki da kowane rini, na'ura ba ta sani ba. Ka zauna da mahaifinku ya faɗa maka ka rubuta, ko kaya biyar a rana.

Abu biyu game da haruffa masu lanƙwasa. Wasu salon rubutu da ke zuwa da jigon shafi, wato tsarin fuskarsa, ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito daban a tsakiyar kalma ko ya zama ɗan akwati. Noto Sans tana da su. Na biyu, yawancin mutane a waya "bakar jaka" za su buga a wurin nema, kai kuma ka rubuta "baƙar jaka", yana iya ce musu babu. Sai ka sa duka biyun a cikin bayanin kayan.

Sarkin Data:
Oga duk wannan dogon zance ne. Ina da manyan fulagin na kuɗi da aka buɗe, har da masu sa shafi gudu, dubu biyu kacal zan tura maka gaba ɗaya. Yi mini magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Sarkin Data, mun sha faɗa ba a wannan tallar a nan. Ɗan Madunka kada ka karɓa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya fasa manhajar kuɗi ya raba ta, yana iya cusa nasa a ciki, kuma ba ta samun sabuntawa idan an gano ɓaraka. Shafin da mutane ke rubuta lambar waya da adireshin gidansu ba wurin gwaji ba ne. Ka tsaya ga rumbun WordPress na asali, kuma kafin ka sauke kowace ka duba yaushe aka sabunta ta na ƙarshe da yawan masu amfani da ita, duk a rubuce suke a gefen shafinta.

Malam Akawu:
Ni wurin biya zan taɓa, don can ne ciniki ke mutuwa. Buɗe asusun dolen nan ba sai da fulagin ake cire shi ba. A saitin WooCommerce, ɓangaren asusu da sirri, akwai wurin da za ka yarda baƙo ya yi oda ba tare da asusu ba. Danna shi kawai. Sai fom ɗin: sunan kamfani da layin adireshi na biyu, wa ya tambaye su? Abin da kake buƙata suna, lambar waya, gari da unguwa, sai tashar da za a sauke masa kaya idan ta mota za ka aika. Checkout Field Editor tana ba ka damar cirewa da ƙarawa, amma ka duba ta dace da irin shafin biyan da aka sa maka.

Sai dai hattara da imel. Na san da yawa ba sa tuna nasu, amma idan ka haɗa Paystack don biya da kati, yana buƙatar imel kafin ya fara karɓar kuɗi. Don haka ka bar shi, sannan ka kunna biya ta tura kuɗi banki, wanda shi ma yana cikin WooCommerce tun asali. Ka rubuta lambar asusun da sunan da zai fito ɓaro-ɓaro, don mai tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint idan ya ga suna daban da na shago gabansa faɗuwa yake yi.

Hajiya Mai Turare:
Malam Akawu, ni fa da zai ji tawa, ya rufe wurin biyan nan gaba ɗaya. Hoto, farashi, WhatsApp, shi ke nan.

Malam Akawu:
A'a Hajiya, kayan fata ba kamar turare ba ne, akwai masu saye daga Legas da Abuja da ba su son surutu, wani ma da tsakar dare zai biya yana barci. A bar musu ƙofarsu.

Ɗan Illela:
Kada a manta da mutanen ƙetare. Mu nan muna ganin 'yan Ƙonni da Tawa na Nijar suna neman kayan Sakkwato. Hausa ta ishe su, ba sai ka wahala da Faransanci ba. Da yawa kuma da Opera Mini suke shiga don tattalin data, ita kuwa a yanayin matse data sosai ba kowane abu mai motsi take iya sarrafawa ba, sai ka ga jerin zaɓi ya ƙi buɗewa. Ka gwada da ita ma.

Ɗan Madunka:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ari wayar yaronmu na gwada a cikin kasuwa, gaskiya ni ma da ni ne mai saye da na fita. Na cire allon imel, na buɗe wa baƙi oda. Yanzu saura rage fulagin ɗin, kuma tsoro nake ji kada in kashe wata shafin ya watse, mai aikin kuwa yanzu sai a hankali yake ɗaga waya. Ta ina zan fara? Na kuma ga guda biyu masu kalmar "cache" a sunansu, duka a kunne.

Injiniya Mabera:
To ka ga wani ɓarawon. Aikinsu ajiye kwafin shafi don kada a riƙa gina shi sabo ga kowane baƙo, kuma biyu a tare karo suke yi. Tambayi masu ba ka masaukin shafi irin sabar da suke amfani da ita, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai. Idan LiteSpeed ce, bar LiteSpeed Cache, idan ba ita ba ce WP Super Cache ta ishe ka. Ka tabbata kwando da wurin biya ba sa cikin abin da ake ajiyewa, kuma duk ranar da ka canza farashi ka ga tsohon yana fitowa, share ajiyar.

Kafin ka taɓa komai, sa UpdraftPlus ka ɗauki kwafin shafin gaba ɗaya, ka tura shi Google Drive, kada ya zauna a sabar kaɗai. Sannan ka zaɓi lokacin da ba ciniki, kamar bayan sallar asuba. Kashe guda ɗaya, kashewa kawai ba gogewa ba, ka buɗe shafin a waya ka gwada sa kaya a kwando har wurin biya. Idan lafiya, wuce ta gaba. Idan wani abu ya karkace, kunna ta ka rubuta sunanta. Kada ka taɓa WooCommerce, da ta biyan kuɗi, da wadda aka ƙera fuskar shafin da ita, don idan ka kashe wannan tsarin duka zai wargaje. Waɗanda ka kashe ka bar su mako guda, in ba wanda ya yi kuka sai ka goge.

Ɗauki hoton jerin duka 31 ɗin ka turo nan da dare, in nuna maka waɗanda za ka fara da su.