Wai da "e" da "a'a" ake gane yaron da ya lalace a Fotugal?

Sarkin Tsokaci: Kullum in na yi magana a zauren nan sai a share ni, to yau sai kun tanka. Wasu masana halayyar ɗan'adam na jami'ar ISPA da ke Lisbon sun fitar da takardar tambayoyi a 2016, wai don auna munanan ɗabi'un matasan Fotugal. Tambayoyi 19 ne, amsa e ko a'a, kan abin da yaro ya aikata cikin shekarar da ta wuce. Ka yi wa babba ƙarya? Ka hau bas ba ka biya ba? Ka ƙi shiga aji? Ka saci abin da bai kai yuro 5 ba? Ka sayar da ƙwaya? Kowace e maki ɗaya. Wanda ya zille wa kuɗin mota maki ɗaya, dilan ƙwaya ma maki ɗaya. Da wannan ake gane kangararru? Wannan canki-canka ce, ba awo ba.

Ɗalibar Jami'a: Yaya, ai da gangan aka yi haka. Ana ƙirga ire-iren laifi ne, ba yawan maimaita shi ba. In ka tambayi yaro sau nawa ya yi ƙarya a shekara, shaci-faɗi zai yi maka, kuma ƙananan laifuffuka za su danne manya a lissafi. Amma ya san ko ya taɓa fasa shago ko bai taɓa ba. Galibi wanda ya kai ga sayar da ƙwaya ya riga ya bi ta ƙananan, don haka makinsa na tashi da kansa.

Maman Biyu: Ni kalmar nan ta kangararru ce ta tsaya mini a wuya. 'Ya'yan mutane ne fa, wasu shekararsu 12. Don yaro ya yi ƙarya sau ɗaya sai ya zama kangararre?

Sarkin Tsokaci: Hajiya, ai abin da nake faɗa ke nan.

Maman Biyu: A'a, kai ka kira su haka, ba su masanan ba. Wa ya ba ka izini?

Tsohon Hedimasta: Ku bi a hankali. Kangararre shi ne wanda ya fi ƙarfin iyayensa da malamansa, an yi faɗa, an yi nasiha, ya toshe kunne. Mai gudun aji sunansa mai gudun aji.

Baban Yara: Ranka ya daɗe, da girmanka, amma ban yarda ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gudun aji kangara ce tana rarrafe.

Maman Biyu: To kai ba ka taɓa gudun makaranta ba?

Baban Yara: Ba a kaina ake magana ba, Hajiya.

Maman Biyu: Ashe maki ɗaya gare ka.

Ɗalibar Jami'a: Don Allah mu koma kan awon. Ba a rubuta suna a takardar, shi ya sa yara ke sakin jiki. Kuma dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1950 wasu masana, Short da Nye, suka yi ta tambayar matasa kai tsaye a Amurka, saboda kundin 'yan sanda wanda aka kama kawai yake nunawa.

Baban Yara: Ƙanwata, yaron da ya amsa cewa yana yi wa manya ƙarya, ke ce ba zai yi wa ba? Kuma me ake jira daga ƙasar da ta halatta ƙwaya?

Mazaunin Turai: Ba ta halatta ba. Tun 2001 wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba, ba a kai shi kotu a matsayin mai laifi, ana tura shi gaban wani kwamiti ne da ke duba ko yana bukatar magani ko tara. Mai sayarwa har gobe gidan yari yake zuwa.

Baban Yara: Abin da ba a ɗaure mutum a kansa ai an halatta shi.

Mazaunin Turai: Tarar da ake cin ka in ka karya dokar hanya, halatta gudun wuce sa'a aka yi?

Baban Yara: Ku dai da kun sha ruwan Turai sai ku zama lauyoyinsu.

Mazaunin Turai: Ni ko Fotugal ɗin ba a can nake ba. Abin da na sani na faɗa. Ko yara ma dokarsu daban ce, daga 12 zuwa 16 matakan gyaran tarbiyya ake bi, sai an cika 16 ake hukunta mutum kamar babba.

Ɗan CR7: Duk wanda ya zagi matasan Fotugal ya zagi Ronaldo. Yaron da ya bar Madeira yana shekara 12 ya tafi Sporting shi kaɗai, ga shi yau. Wannan ne kangararre?

Na Messi Har Abada: Wa ya kawo shi nan? A ba shi takardar ya cike, a ƙara tambaya ta 20: ka taɓa faɗuwa da gangan don a ba ka fenariti?

Ɗan CR7: Yuro 2016 fa?

Na Messi Har Abada: Wanda ya kalli yawancin wasan ƙarshe daga bakin fili? Kofin duniya na 2022 yana gaishe ka.

Sarkin Tsokaci: Jama'a, maganar maki ɗaya fa?

Ɗan CR7: Ballon d'Or biyar ake magana, kana maki ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Ni na tafi masallaci.

Shugaban Zaure: To, an kai ƙarshe. Abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda takarda ba ta auna tarbiyya, kamar yadda Baban Yara ya bayyana da hujja mai ƙarfi. Ɗalibarmu ta yi ƙoƙari, sai dai karatun boko ya yi mata yawa. Maganar halatta ƙwaya ba a musanta ta yadda ya kamata ba. Kalmar kangararru ta zauna daram. Na Messi kuma wannan gargaɗi na ƙarshe ne.

Ɗalibar Jami'a: Shugaba, wace hujjar ya kawo?

Shugaban Zaure: An rufe.