Me ya sa kaji ba sa taɓa farar tumfafiya?

Ɗan Dukku:
Salamu alaikum jama'a. Bayan gidanmu a Dukku akwai wani kango da tumfafiya ta cinye, kuma farar tumfafiya ta mai da shi gida. Jikinta ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo masu duhu, tun daga bakin zaure kana hango ta. Kajina da zabi a wurin suke kiwo. Farar ciyawa mai kalar ƙasa, wadda ni sai ta yi tsalle nake ganinta, da gudu suke bin ta su cafke. Wannan kuwa tana zaune a fili ko gezau, su wuce ta. Na kama ɗaya don in duba, ta fesa mini wani ruwa mai wari a hannu. Abin da ya ɗaure mini kai, in ɓuya ce ke tsirar da ƙwaro, yaya aka yi mai wannan ado ba ta ƙare ba?

Baba na Kumo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kajinka sun taɓa ɗanɗanawa ne, ba ka wurin. Mu ma da muna yara in za mu kamun fara, a kanta ake fara ja mana kunne.

Malama Tudun Wada:
Baba ya faɗi gaskiya. Farin ruwan nan na tumfafiya yana da dafin da ke rikita bugun zuciya. Farar tana cin ganyen, dafin bai kashe ta, sai ta tara shi a jikinta, har da cikin ruwan da ta fesa maka. Tun 1967 masana suka gano shi a jikin irin wannan fara. Don haka Malam ka wanke hannu, kada ka kai ido. Tsuntsun da ya sha ɗacinta sau ɗaya, launin yake riƙewa. Da kalar ƙasa gare ta, da kullum sai an cafke ta bisa kuskure kafin a tofar.

Ka duba ƙarƙashin ganyen kuma, za ka ga tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya. Ita ma dafin ganyen take tarawa, kuma ita ke zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai tashi a hankali abinsa. Namu na Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, a gabashin Afirka akwai wanda babu farin, kuma gado ne ke raba su. Akwai ma wani daban da macensa ke ɗaukar kamanninsa don ta ci albarkacin tsoron da ake yi masa. Irin wannan kwaikwayo wani masanin halittu ɗan Ingila mai suna Bates ya bayyana a 1862 bayan zamansa a dajin Amazon.

Ɗan Dukku:
Na gode Malama. Amma ta farko da ta fito da launin fa? Ai babu tsuntsun da ya san ta, ita za a fara ci.

Malama Tudun Wada:
Nan ne gardamar take. Wani masanin ilimin gado ɗan Ingila mai suna Fisher a 1930 ya ce a duba yadda irin waɗannan ƙwari ke taruwa 'yan uwa ɗaya wuri guda: in an ci ɗaya, sauran masu ɗauke da gadonta sun tsira. Ni na fi gamsuwa da cewa sau da yawa ma ba ta mutuwa, tsuntsu ya ɗauka ya ji wari ya yar.

Kuma jure dafin shi ne tushe. A jikin kowace dabba akwai wani famfon gishiri a ƙwayoyin halitta, shi dafin ke toshewa. Ɗan'uwan malam-buɗe-littafinmu da ke Amurka yana da canji uku a ƙwayar gadon da ke gina famfon. A 2019 masu bincike a Kalifoniya suka sa canjin ukun a jikin ɗan ƙudan 'ya'yan itace, sai ga shi yana cin dafin lafiya lau, har ya girma da saura a jikinsa. Launi kuma nasa ƙwayoyin gadon daban ne: a wasu malam-buɗe-littafi na Kudancin Amurka, guda ɗaya mai suna optix ce ke tsara inda ja zai fito a fiffike.

Baba na Kumo:
To Malama, a gwada mana da 'yan tsaki da ba su taɓa fita kiwo ba. Ni dai ba da nawa ba.